Wayoyi Uku a Garejin Legas

Kuɗin motar da ya kai ni Legas daga jikin tunkiyata ya fito, wata fara mai baƙin kunne da na raina tun tana 'yar mitsitsiya. Yayana ne ya ja ta zuwa kasuwar Mai'adua, ni kuwa ko zaure ban iya leƙowa ba da za a fita da ita. Da ya dawo da la'asar ya miƙo mini abin da aka samu, na ƙulle a bakin zane, na ɗaura wani zanen a kai, na kawo hijabi na rufe. Duk da haka daga Daura har Kano hannuna yana kan ƙullin nan. Matar da ke kusa da ni a mota har sai da ta tambaye ni ko ciwon ciki nake yi. Na ce mata eh, don ya fi sauƙin bayani.

Ku da kuke ƙanana a lokacin, an ce muku na tafi duba babanku ne. Ba ƙarya aka yi muku ba, amma ba duka aka gaya muku ba, kuma yanzu kun kai ku ji. Babanku ya daɗe yana ci-rani a can, yana aikin wayarin na mota. Su mutanen can rewaya suke ce wa mai wannan sana'a, sai ka ce sunan ciwo. Yana da rumfarsa a cikin wani babban gareji, kuma rumfar nan ita ce abincinmu, don gonar da muke da ita a hanyar Dutsi kun san iyakarta. A garejin nan kuwa ba a samun rumfa da wasa. Mutum sai ya shekara da shekaru yana aiki a rana kafin a ba shi inuwa, in ta kuɓuce masa kuma ta tafi ke nan.

Malam Iro maƙwabcinmu, mai kai albasa kudu, shi ya zo mini da maganar. Ya tsaya daga zaure yana ta kewaye-kewaye, sai da na ce masa don Allah ya faɗi. Ya ce ya je garejin, ya tsaya a gaban babanku kamar daga nan zuwa randar can, bai gane shi ba sai da ya yi sallama. Ya ce kuma ya ji ana cewa babanku ya ƙona ƙwaƙwalwar motar wani, har shugaban garejin ya rantse in aka kuma, rumfar ta zama ta wani.

Bari in gaya muku abin da ake nufi, don ni ma a lokacin zato na yi Malam Iro ya ruɗe. Motocin yanzu suna da wani ɗan akwati da ke tafiyar da injin, shi ake kira ƙwaƙwalwa. A jikin injin kuma akwai wasu 'yan ƙananan abubuwa da ake kira sensa, su ke kai wa akwatin labari ta cikin siraran wayoyi: inji ya yi zafi, inji na juyawa, iska ta shiga. To, a zamanin da babanku ya koyi aiki, in ana so a san ko waya na da wuta, fere ta ake yi a karta ta a jikin ƙarfe. In ta yi tartsatsi, akwai wuta. Tsofaffin motoci suna jure wannan. Na yanzu kuwa ka karta wayar sensa sau ɗaya, ka iya kashe akwatin nan har abada. Dole sai da mita, wata 'yar na'ura mai fuska kamar ta agogo da tsinke biyu, ja da baƙi. Babanku yana da mitar, ya kuma iya ta sarai. Idonsa ne ya dushe, lambobin suka koma masa hayaƙi, shi kuma bai gaya wa kowa ba. Da aka matsa masa wata rana sai hannunsa ya koma tsohuwar hanya.

Na kira shi a salula na ce ina zuwa. Ya ce in zo in yi me, wa zai kula da yara, Legas ba wurin mace ba ne. Kakarku, Allah ya jiƙanta, tana zaune tana ji. Ta karɓi salular ta ce masa ita ce ta aike ni, yara kuma ita ta haifi ubansu, ba za su gagare ta ba. Daga nan ya haƙura.

Ba zan cika ku da labarin hanya ba. Abin da na sani, duk gadar da muka hau sai na rufe ido, kuma a Legas gada ba ta ƙarewa, kana sauka wata kana hawa wata, ruwa a ƙasa baƙi ƙirin. Yaran mota suna rataye a ƙofa suna kiran sunayen unguwanni kamar masu faɗa. Duk Bahaushe a wurinsu aboki ne, ni ma aboki waif na zama, wai matar aboki, tun ina juyawa in ga da wa ake har na saba. Gidan da babanku ke haya irin wanda suke kira fes-mi-ai-fes-yu ne. Na yi kwana uku ina maimaita sunan kafin bakina ya iya, ashe wai ɗaki na kallon ɗaki ke nan, abin da ko a Daura muna da shi ba mu ba shi suna ba.

Mai gidan wata mata ce doguwa, lanledi ake ce mata. Ta taɓa zama a Kano da ƙuruciya, tana jin Hausa irin ta cefane. Kwana biyu da zuwana na ari ɗan turmi a wurin wata Banufiya ina daka barkono da daddawa, sai ga ta a kaina riƙe da hanci.

"Mene ya mutu a ɗakinka?"

Na ce, "Babu abin da ya mutu, Hajiya, daddawa ce."

"Ni ba Hajiya. Kai fasa mini siminti da wannan itace."

Na ce mata simintin nan na tarar da shi a fashe, kuma abin da take soyawa da safe da manja, wanda ke sa ni tari har hawaye, ban taɓa zuwa ƙofarta riƙe da hanci ba. Tsoro nake kada ta kore mu, amma bakina ya riga ni. Ta tsaya ta dube ni, ta tafi. Washegari ta aiko mini da tsohon buhu in riƙa ɗora turmin a kai. Daga baya har miyar kuka ta koya a wurina, sai dai ta cika mata barkono ta lalata.

Shi kuwa babanku, ranar da na iso ya nuna mini lafiyarsa ƙalau. Na bar shi. Da safe na ajiye masa kofin shayi a gabansa, na ga ya miƙa hannu ya kama iska a gefen kofin. Ya yi sauri ya gyara, ni kuma na yi kamar ina duba tukunya. Sai da ya gama sha na zauna na ce, "Malam, na yi aji biyar a firamare, lamba ba ta gagare ni. Ka koya mini mitar nan." Ya yi faɗa sosai. Ya ce ina aka taɓa ganin matar aure a ƙarƙashin murfin mota cikin ƙarti, ya ce in labari ya kai Daura da wane ido zai dubi yayana. Na ce masa in an karɓe rumfar ma ai labari zai kai Daura. Ya tashi ya fita. Ranar Lahadi da ba a buɗe gareji, ya shigo ɗaki da batir a kafaɗa ya dire a gabana.

Tsoron abin nan na ji kamar me. Na ɗauka ina taɓa tsinken wuta za ta ja ni, sai da na yi bismilla ta fi sau nawa. Ya kama hannuna ya ɗora jan tsinken a kan gindin batir mai alamar ƙari, baƙin a kan mai alamar ragi, ya ce in karanta. Na ce sha biyu, da ɗigo, da shida. Ya ce to wannan batir lafiyayye ne, in inji na aiki kuma zan ga wajen sha huɗu. Sannan ya fito da wata tsohuwar sensa daga aljihu ya sa yatsuna a kan wayoyinta uku. Ya ce ɗaya ita ke kawo mata wuta daga ƙwaƙwalwa, kuma biyar za ta nuna, ba sha biyu ba. Ta biyu at ce, wato hanyar da wutar ke komawa, ita sifili ake so ko abin da ya yi kusa da shi. Ta uku ita ce mai kai labari, lambarta motsi take yi in inji na juyawa. Ya ce kada in taɓa huda waya don in auna ta, ta bayan soket, wato mahaɗar wayoyin, ake zura allura a hankali har ta taɓa ƙarfe, sannan a ɗora tsinke a kan allurar. Allurar ɗinkina ce ta tafi a wannan aiki, ba ta dawo ba.

Dabarar da muka yi ita ce kunu. Na riƙa dama kunun gyaɗa da zoɓo ina zama a gefen rumfarsa ina sayarwa, ba wanda ya ga laifin haka, mata masu abinci sun cika garejin. In ya kafa tsinkayensa sai ya yi gyaran murya, ni kuma in taso da kofi kamar na kawo masa, in saci kallon mitar in faɗi lambar da Hausa. Ba mai jin Hausa a kusa da mu, in ban da sannu da ina kwana. Makanikan suna ta yi masa tsiya wai matarsa ba ta barinsa ya huta, kowane minti tana kansa tana magana. Wani mai fenti har cewa ya yi shi da ya sha kunu irin haka da cikinsa ya fashe. Babanku ya sha kunu a watannin nan, Allah ya sani. Ni kuwa kullum ina ganin yau za a gane mu. In na ga shugaban garejin ya nufo layinmu, sai in sunkuya kan tukunyar kununa.

Shi shugaban, Ciyaman ake ce masa, wani dattijon Bayarabe ne gajere mai furfura a gira, ba ya dariya. Ba mugu ba ne, amma garejin nan kamar ɗansa yake, kuma ƙona ƙwaƙwalwar nan ta zubar masa da mutunci a wurin mai motar. Wata ranar Laraba da hantsi sai ga shi da kansa, ana turo wata ƙaramar bas a bayansa. Ta wata makaranta ce, ana ɗaukar yara da ita. Direban ya ce tana cikin tafiya lafiya sai ta mutu ba sallama, a bar ta kaɗan ta tashi, a yi gaba ta sake. Shekaranjiya a tsakiyar gada ta mutu da yara a ciki. An kai ta wuri biyu, kowanne ya ce sensar da ke lura da juyawar inji ce, an canza ta sau biyu, ba abin da ya sake. Ciyaman ya yi magana da babanku da irin Turancinsu na buroka, wanda a lokacin na fara tsinta. Ya ce yana so kafin la'asar a gano ciwon motar nan. In an gano, shi ke nan. In ba a gano ba, ko aka ƙara lalata wani abu, akwai mai jiran rumfar. Sannan ya sa aka kawo masa benci ya zauna a bakin motar, abin da bai taɓa yi ba.

Babanku ya buɗe murfin inji, ya kafa tsinkaye a batir, ya yi gyaran murya. Na zuba kunu na taso. Ciyaman ya ɗaga mini hannu wai in koma, yau aiki ake. Na yi kamar ban gane ba, na durƙusa na miƙa masa kofin shi ma, na gaishe shi da Yarbancin da lanledi ta koya mini. Ko don gaisuwar ne, ko don ya rasa yadda zai kori mace mai durƙuso, ya karɓa. Ni kuma ban koma ba, na tsaya a gefen motar riƙe da tire.

Batir lafiya. Babanku ya laluba ya samu soket ɗin sensar can ƙasa, ya zura allura, ya ce wa direba ya murɗa makulli amma kada ya tayar. Na ce biyar. Ya matsa waya ta biyu, na ce sifili da ɗan abin da bai kai a faɗa ba. Ya matsa ta uku, aka tayar da inji, lamba ta yi ta motsi yadda ya ce za ta yi. Komai daidai. Injin na ta kaɗawa lafiya lau kamar bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Aka kashe, aka sake, haka. Rana ta take, azahar ta yi, muka yi salla muka dawo, aka sake bin wayoyin nan uku ɗaya bayan ɗaya, amsar ba ta canza ba. Mutane sun fara taruwa, don labarin rumfar ya zaga. Na ga rigar babanku ta jiƙe sharkaf. Ya ce mini ƙasa-ƙasa wataƙila duka sensar biyun da aka sa jabu ne, zai ce a sayo ta uku. Sannan na ga hannunsa ya tafi aljihun da yake ajiye 'yar wuƙar fere waya, ya tsaya a can.

Allurar a lokacin tana kan wayar farko, makulli a murɗe, mita na kwance a kan ƙarfen gaba tana nuna biyar. Da ya janyo ɗaya hannun nasa daga cikin injin, gwiwar hannun ta bugi damin wayoyin da aka naɗe da baƙin tef. Sai na ga biyar ta faɗi ta koma ɗaya da wani abu, ta dawo biyar. Ƙiftawar ido ne. Na tsaya ina tambayar kaina ko idona ne, ko rana ce ta haska fuskar mitar, ko tsoro ne ya sa nake ganin abin da babu. In na faɗa ya zama ba haka ba, na ɓata masa lokacin da ba shi da shi. In na yi shiru kuma, za a sayo sensa ta uku, bas ta koma gada da yaran mutane.

Na ce, "Malam, ta faɗi. Ta koma ɗaya ta dawo."

Ya ce tsinken ne ya motsa. Na ce tsinken bai motsa ba, ina kallonsa. Ya ce in rufa masa asiri in koma wurin kununa, idon mutane duk yana kanmu. Ban taɓa yi masa musu a gaban mutane ba, ko a gida ma sai na zaɓi lokaci. Amma ranar na ajiye tiren a ƙasa.

"Ka sake taɓa inda gwiwarka ta taɓa."

Ya taɓa, lamba ba ta motsa ba. Ya girgiza damin da ƙarfi, biyar tana nan daram. Ya ce kin gani. Ni kuwa na riga na san abin da na gani. Na jingina mitar yadda zan riƙa hango fuskarta, na tattare hijabina na cusa a ƙugu, na zura hannu cikin injin nan mai zafi. Wani ya yi fito, aka kwashe da dariya, na ji mai fenti yana cewa madam rewaya. Kunnuwana suka yi zafi, amma ban ɗago ba. Kun san yadda nake muku kitso, in tsaga in bi layi da yatsa ba na tsallake ko sili ɗaya. Haka na yi wa damin nan. Daga bakin soket na fara, in kama tsawon yatsa ɗaya in lanƙwasa sama, in lanƙwasa ƙasa, in dubi mita, in matsa gaba. Ƙarfe ya ƙona ni a nan, ga tabon har yau. Na bi ya fi kamu biyu ba komai, dariyar ma ta gaji ta mutu, wasu suka fara watsewa. Zuciyata na cewa kin kunyata shi a banza, hannuna kuma bai tsaya ba.

Can a bayan mazaunin batir, inda damin ya yi kwana, na lanƙwasa sama sai biyar ta zama sifili. Na saki, ta dawo. Na kuma, ta kuma. Sai da na yi sau huɗu kafin na yarda na buɗe baki. Na kama hannun babanku na ɗora a wurin. Daga nan kuma aikin nasa ne, don abin da yatsunsa suka sani ni ban san rabinsa ba. Ya sa aka kashe makulli, ya warware tef ɗin, ya bi wayoyin ɗaya-ɗaya yana ɗan ja. Da ya zo kan wata ya ce ga ta, ta yi laushi, tana miƙewa kamar roba. Daga waje lafiyayya ce sumul. Ya yanka ta, sai wani koren gari ya zubo, zaren jan ƙarfen da ke ciki ya ruɓe saura ɗan sili. Ya shafa fatar wayar ya ce a duba, za a ga ƙananan huji. Direba ya duƙa ya ce akwai, har uku. Wani ne can baya ya huda ta da allura yana awo, ruwan saman Legas ya samu ƙofa ya yi ta shiga. In mota na tsaye silin nan yana riƙe, in ta faɗa rami ya rabu, sensa ta rasa wuta, inji ya mutu.

Ya yanke ruɓaɓɓen ya sa sabuwa, ya haɗa da dalma, ya naɗe. Na lanƙwasa wurin iya ƙarfina, biyar ba ta ko girgiza ba. Ciyaman ya shiga bas ɗin da kansa ya ce direba ya bi da shi ta hanyar bayan gareji, wadda duk ramuka ce. Tafiyar nan tasu ba ta fi rabin awa ba, amma na zauna na tashi ya fi a ƙirga. Da suka dawo injin na aiki, direba na ta washe baki.

Na ɗauka an gama. Sai Ciyaman ya sauko, ya ɗauki mitar, ya ɗora tsinkayen a kan batir da hannunsa, ya kai ta gaban fuskar babanku ya ce ya karanta masa. Ni kuma ya nuna ni da yatsa wai kada in yi tari. Babanku ya san inji na aiki, da ya ce sha huɗu da ya dace, kuma na san ya san haka. Ya daɗe yana kallon abin da ba ya gani. Da burokansu ya ba da amsa, amma na gane duka.

"Oga, ba na ganinta. Na daɗe ba na gani. Matata ce ke karanta mini."

Ciyaman ya sauke mitar. Ya ce shi duk zatonsa babanku ya fara shaye-shaye ne ko ya raina aiki, shi ya sa ya ƙona motar mutane. Ya yi masa faɗa mai yawa a kan ɓoyewar, ya ce da ya kashe wa wani mota a kan hanya fa. Babanku bai ɗago kai ba, ni ma haka, ina jiran kalmar da za ta mayar da mu Daura. Sai Ciyaman ya ce rumfa ta mai gano ciwon mota ce, kuma yau a rumfar nan aka gano, shi bai damu da ido nawa aka haɗa ba. Amma ya kafa sharaɗi biyu. Ba za a ƙara auna komai ba sai ina tsaye a fili, ba da kofi a hannu ba. Kuma wannan dogon hijabin kada ya ƙara ganinsa kusa da inji mai juyawa, bel ɗin inji zai iya fizge ni. Ranar na yanke ɗaya na mayar da shi iya ƙirji.

Damina biyu muka ƙara a garejin. Motocin da suka gagara a wasu layukan, masu mutuwa su tashi, aka riƙa turo mana su. Ban daina jin tsoro ba, kullum da shi nake fita, kuma kewarku ta hana ni ƙiba, duk yaron da na gani da kayan makaranta sai na bi shi da kallo. Da muka ga hali ya samu, muka miƙa wa Ciyaman makullin rumfar da hannunmu, ba wanda ya karɓe. A Kano aka cire wa babanku yanar ido, na dama ya buɗe, na hagu an ce an makara. Ba mu dawo da wani abin a zo a gani ba, sai akwatin kayan aiki da abin da ya kafa rumfar da yake ciki yanzu a bakin titi.

A nan gida ba na zuwa rumfa, kun sani, garin kowa ya san kowa, shi kuma yanzu yana karanta mitarsa da ido ɗaya. Amma kun sha ganin an kawo mota ƙofar gidan nan an ajiye a gindin darbejiya, kuna cewa wuri ne ya yi wa babanku kaɗan. Ba wuri ba ne. In mota ta zo masa da irin ciwon nan mai ɓuya, sai ya ce wa mai ita a kai ta gida, can ya fi inuwa. Jar motar nan da ke waje yanzu ma tun hantsi ni take jira, kuma ba za ta bar ƙofar nan ba sai na san wace waya ce.